Ka Bar Datsin Ya Yi Yoyo

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Wannan takarda daga hannun mahaifinka Garba magini take, daga Hausari cikin Potiskum, zuwa ga ɗana Adamu. Ina gaishe ka gaisuwar uba, ina roƙon Allah Ya sa ka buɗe ta jikinka lafiya, jakinka lafiya, ba ƙaya ba tuntuɓe. Uwarka tana gaishe ka. Ita tata nasihar tana cikin ƙullin dakuwar da ta cusa maka a mangala, kuma ta fi tawa daɗin haɗiya.

Bayan haka, na san za ka ce me ya hana tsohon nan ya faɗa mini a zaure, ga shi akushi ɗaya muke ci. Ka san ni, ka san kanka. In na ɗauko magana, kafin in kai tsakiya ka ce ai ka sani, ni kuma raina ya ɓaci, mu tashi ba a ƙulla komai ba. Takarda kuwa ba a katse ta. Ka karanta ta in ka wuce Gadaka ka fara hango dutsen garinmu.

Lambun da za ka karɓa a Gindin Dutse na kakanka ne. Baffanka Isa ya riƙe shi har Allah Ya karɓi abinsa, bai bar ɗa namiji ba, dattawa suka yarda ya dawo hannunka. Kai murna kake yi, na ga yadda kake wasa fartanya kamar mai shirin sallah. Ni kuwa tun ranar da manzonsu ya zo abinci bai ƙara yi mini daɗi ba. Lambun nan shi ne na farko a bakin ruwa, duk wanda ya riƙe shi ruwan mutane ta hannunsa yake bi. Na riƙe shi kafin a haife ka, kuma mutum ya mutu saboda yadda na riƙe shi. Ka sha jin maganar gutsi-gutsi a bakin mutane, yau ga ta a jere daga bakin mai ita.

Sai ka san yadda ruwan yake tafiya kafin ka gane sauran. A tsagin dutsen akwai idon ruwa da ba ya ƙafewa ko da bazara, sai dai ya rage. Yana gangarowa ya zama ƙorama, ta wuce gefen lambunan garinmu, ta bi yashi mai nisa har Unguwar Ƙasa, inda mutane ke sha, a gaba kaɗan kuma ga mashayar shanun Fulani. Lambuna sun fi ƙoramar tudu, don haka ake datse ta a sama, a kusa da namu, ruwa ya taru ya kumbura ya shiga babbar magudana da aka haƙa a jikin gangare. Daga ita ƙananan magudanai ke rabuwa, kowa ya buɗe wa fangalinsa da fartanya, in ya ƙoshi ya toshe da ƙasa ya bar wa na gaba. Ba jigo, ba guga, gangara ce kawai ke yin aikin. Shi ya sa albasar garinmu ta yi suna har kasuwar Fika.

Amma ruwan ba namu ba ne, aro ake ba mu, kuma aron yana da iyaka. Masu lambu suna juya shi daga hantsi zuwa azahar, sannan a toshe bakin magudana a sake shi ya tafi ƙasa. Ranar Juma'a ba a taɓa shi. In rani ya tsananta ruwa ya ja baya, lambun da aka buɗe ƙarshe shi ake fara rufe wa, tsofaffin lambuna su saura. Amma komai tsufan lambu, baki yana gaba da saiwa: mutum ya sha, dabba ta sha, sannan shuka. Sai kuma datsin kansa, wanda ba a yin sa sai da kara da rassa da ƙasa. Kowace damina ambaliya ta tafi da shi, kowace kaka a yi gayya a sake ɗaure shi, mu da mutanen Unguwar Ƙasa da Ardon Fulani, Bulama mai garinmu yana tsaye da sandarsa. Datsin kara kuwa dole ya yi yoyo. Ko a lokacin da muke juya ruwa, yana tsiyaya ta ƙarƙashi yana tafiya abinsa.

Kuskurena na farko ƙarami ne, irin wanda kowa zai ce ba komai. Bayan rasuwar kakanka na share wani fili a gefen lambun na ƙara fangaloli. Da rani ya matsa aka zo rufe sababbin lambuna, sai na ce nawa ai tsoho ne, tun kakanni yake. Bulama ya ce tsohon ne tsoho, ƙarin ɗan bara ne. Na yi ta hayaniya, ni da baki ba a bar ni a baya ba, har ya gaji ya ƙyale ni don kunyar mahaifina. Na koma gida ina jin na iya magana. Abin da na koya a ranar shi ne iyakar nan tana lanƙwasuwa in ka matsa mata, kuma wannan ilmin shi ya kai ni inda na je. Kai dai in ka ƙara ko taku ɗaya na ƙasa, ka faɗa da bakinka cewa sabo ne, in lokacin rufewa ya yi ka rufe kafin a aiko.

A shekarun da ake ɗibar samari soja zuwa yaƙin Bama, mu da ba a ɗauka ba aka ɗebe mu aikin hanyar mota. A can na fara ganin siminti. Aka haɗa ni da masu gina kwalbati, hannuna ya faɗa, har helma, shugaban leburori, ya daina zagina ya fara kirana da suna. Adamu, ban taɓa son wani abu na duniya kamar yadda na so simintin nan ba. Ka kwaɓa shi yau kamar kunu, gobe ya zama dutse, ruwa ya zo ya yi ta dukansa ya haƙura ya bi inda ka ce. Da aka sallame mu helma ya bar mini ragowar da ta saura, na ɗoro wa jaki na dawo gida da ita kamar na ɗauko amarya.

Da kaka ta yi, ban jira gayya ba. Na tara duwatsu, na gina datsi na dutse da siminti, na bar masa ƙofa da katako wadda za a zare in azahar ta yi. Aiki ne mai kyau, har yau ba zan ce ba shi da kyau ba. Ko ɗigo ba ya wucewa. Mutane suka zo suna shafawa, wasu suna sa albarka don an hutar da su wahalar kowace shekara. Bulama ya daɗe yana kallo, ya ce shi dai bai gaji wannan ba, amma bai san me zai hana ba, tunda ba wanda ya taɓa cewa kada a yi da siminti. Wa ya san siminti balle ya hana shi?

Ni a lokacin na ɗauka talauci da rashin sani ne suka sa kakanninmu ke fama da kara. Ban tsaya na duba ƙarƙashin ƙafata ba. Duwatsu ga su nan zube ko'ina, yumɓu ga shi a fadama, mutanen da suka iya gina rumbun da ɓera ba ya shiga, da sun so datsin da ba ya yoyo da sun yi tun kafin a haifi kakana. Da gangan suka bar shi yana yoyo. Yoyon nan shi ne rabon na ƙasa wanda ba sai sun roƙa ba, kuma ba ya jiran mai lambu ya ga dama. Gayyar da na kashe kuwa, a nan ne na ƙasa ke zuwa su ga datsin da idonsu, su sa hannu, in an cika matse shi su zare dami ɗaya ana raha. Na hutar da mutane daga aikin da shi ne ke riƙe da su.

Abin da ya ƙara kumbura mini kai, wani Bature ya zo rangadi ya ga ginin. Ya tsaya ya buga shi da sandarsa, ya yi magana, tafinta ya ce wai ya ce da kowane ƙauye yana da irina da ƙasar nan ta ci gaba. Ya hau dokinsa ya wuce, ko ƙoramar bai bi ya ga inda ta nufa ba, ba kuma laifinsa ba ne, abin da na nuna masa shi ya gani. Ni kuwa na ɗauki maganar na ɗora a ka kamar rawani. Ka kiyayi yabon baƙo a kan ruwa, ɗana. Wanda zai gaya maka ko aikinka ya yi kyau shi ne wanda ke zaune a ƙarshen ƙorama da tulu.

Shekara ta farko ba a ga komai ba don ruwa ya wadata. Damina ta biyu ta ɗauke da wuri, idon ruwa ya koma siriri. Daga hantsi zuwa azahar datsina ya kame shi kaf. In azahar ta yi na zare katako, ban taɓa makara ba, Allah shaida ne. Amma yashin da ya wuni a bushe cikin rana sai ya shanye ruwan tun bai yi rabin hanya ba. Da, yoyo ne ke riƙe shi a jiƙe, in an saki ruwa ya bi ta kai ya wuce. Yanzu kullum sai ruwa ya fara biyan yashi, kafin ya gama biya gari ya waye na sake rufewa. Ruwan Juma'a kaɗai ke isa Unguwar Ƙasa, daga baya shi ma ya daina.

Kana da gwaggo a can, Hajjo, ƙanwata uwa ɗaya uba ɗaya, wadda ba ka taɓa gani ba. Mijinta Bukar mutumin kirki ne, Babole, mai yawan dariya, da Hausarsa wadda ba ta raba mace da namiji, kullum ina tsokanarsa a kai. Ya hau ya same ni ina ban ruwa, albasa ta yi shar. Ya gaishe ni, ya yaba shuka, ya daɗe yana kame-kame, sannan ya ce, "Yaya Garba, ba shari'a na zo ba. Ƙanwarka ne ya aiko ni, ya ce tulunsa ya bushe."

Na yi dariyar Hausar, abin kunya. Na ce masa ban ƙara ko ƙiftawar ido a kan lokacina ba, ya tambayi kowa. Ya ce ya sani, shi dai roƙo yake in huda ginin daga ƙasa ko da faɗin yatsa biyu ne. Na ce ginin da Bature ya yaba ba zan huda shi don yashi yana jin ƙishirwa ba, su yi haƙuri, fari ne, daga Allah yake. Bai yi fushi ba. Ya ce to, ya sa takalmansa ya gangara.

Da Bulama da Ardo suka taru a kaina, sai na tsallake su na kai ƙara gaban alƙali a garin hakimi. Alƙali ya tambaya ko na wuce azahar, shaidu suka ce a'a. Ko na taɓa ruwan Juma'a, suka ce a'a. Ko akwai wanda ya taɓa jin an hana siminti, suka ce babu. Ba wanda ya iya faɗin maganar yoyo yadda za ta shiga kunnen shari'a, don wa zai tsaya gaban alƙali ya ce laifin mutumin nan shi ne gininsa ba ya zuba? Aka ba ni gaskiya. Wannan shi ne mafi munin abin da ya same ni, don da an kayar da ni da na huda ginin ina zage-zage, da Bukar yana nan. Kada ka kai maganar ruwa wurin da ba a shan ruwan. In mutumin ƙasa ya hau ya ce maka babu, to babu, ko da kana da gaskiya a kan kowace ƙa'ida. An yi ƙa'idar ne don ruwa ya isa, in bai isa ba riƙe ta ba ya wanke ka.

Ardo ya kwashe shanunsa ya yi kudu, wasu sun faɗi a hanya. Mutanen Unguwar Ƙasa ba su da inda za su, suka koma haƙa rami a yashin ƙorama suna kwalfar abin da ya taru. Kullum ruwa yana ƙara nisa, kullum suna ƙara zurfi, yashi kuwa ba ƙasar rijiya ba ce, ba ya riƙe kansa. Wata rana da hantsi Bukar ya shiga ya ƙara wa ramin zurfi, mata suna tsaye a baki da tuluna suna jira, gefe ya zube a kansa.

Ihu ya iso mu har sama. Na gangara da gudu tare da kowa, na yi haƙa da hannu da sakaina tare da kowa, ni ne ma na fara taɓa kafaɗarsa. Yashi ya cika masa baki da hanci. Aka ɗauke shi zuwa gida, sai aka duba duk unguwar babu ruwan da zai isa a yi masa wanka, ramin ma ya rufe. Ni na riga na koma sama, don ban iya tsayawa cikin idanun mutane ba. Ina zaune a kan datsin nan, ruwa fal a bayansa, sai ga mata sun hau a jere da tuluna, Hajjo a gaba, an hana ta ta ƙi. Suka ratsa ta cikin albasata. Ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba. Ta durƙusa kamar yadda ta saba gaishe ni, ta ce, "Yaya, a ba mu aron ruwa a wanke Bukar."

Ban san abin da na amsa ba. Na dai san da ruwan datsina aka wanke shi, kuma tun daga ranar ƙanwata ba ta ƙara yi mini magana ba.

Za ka zaci a ranar na ɗauki guduma na rushe ginin. Ban yi ba, kuma wannan kuskuren ya fi ci mini rai don ba ni da uzurin rashin sani. Na zare katakon dai na bar shi a buɗe, amma ginin na bar shi tsaye. Bayan sadakar uku samarin Unguwar Ƙasa suka hau da gatura da taɓare suka farfasa shi, ni ina tsaye, kuma wallahi abin da na ji a zuciyata haushi ne, wai an ɓata mini aiki. Ka ga irin ubanka. Kafin a yi sadakar arba'in na tattara uwarka muka taho Potiskum, na bar wa Isa lambu da kunya ya ɗauka shi kaɗai. Na ce wa kaina zuciya na yi, alhali gudu ne. In Allah Ya jarrabe ka wani ya cutu ta hannunka, ka gyara da hannun nan kafin a gyara maka, sannan ka zauna a wurin mutane su kalle ka har su gaji. Da na zauna, wataƙila da yanzu an daina.

A nan Potiskum na ci abinci da simintin nan, na gina wa mutane shaguna da bakin rijiyoyi, da shi na raine ku. Rijiyar garin nan kuwa ka san zurfinta, sai igiya ta cinye maka tafi kafin guga ya fito. A bakinta na san nauyin abin da na hana mutane.

Yanzu ga abin da ke hana ni sukuni game da kai. Kai ba azzalumi ba ne, ba ka da rowa, ko kare ba ka iya kora daga inuwa. Amma hannuna gare ka. Na tsaya na kalle ka kana yaɓen ɗakin uwarka bara, ba ka bar ko kafar allura ba, ka koma ka sake shafawa inda ba wanda zai gani. Uwarka tana ta sa albarka, ni gabana yana faɗuwa. Mutum irinka ba ya iya ganin abu yana zuba ya wuce. Za ka tsaya a kan datsin kara da bazara, albasarka ta fara kwantar da kai, mai karɓar haraji yana hanya, ruwa kuma yana tsiyaya ta ƙarƙashin ƙafarka yana tafiya. Ba siminti za ka nema ba, ka fi ni hankali. Yumɓu kaɗan za ka ɗebo ka liƙe wuri ɗaya, ka ce ai gyara ne. Gobe ka liƙe wani. Ni ma ban taɓa cewa zan hana kowa ruwa ba, gyara na yi.

Saboda haka in kaka ta yi kada ka taɓa ƙoramar sai an taru. Ka je da ƙafarka ka kira mutanen ƙasa, ka gaida Ardo a rugarsa, ka bar su su ɗaura damin ƙarshe, in sun zare wani kada ka mayar bayan sun tafi. In ruwa ya ja baya ka riƙa gangarawa kana duba yashi da tafin ƙafarka, in ka ji shi da zafi a bushe, ka hau ka sassauta datsin ko ba wanda ya ce. Albasa in ta mutu ana sake shukawa. In kuwa ka ga hannunka ya fi ƙarfinka, ka bar lambun ka dawo gida, akwai tuwo, ba wanda zai yi maka gori sai ni, nawa kuma ka saba.

Abu na ƙarshe. Manzon da ya zo ya gaya mini dattawa sun ƙi yanke magana sai da suka aika aka tambayi gwaggonka, don sun ce ita ke da haƙƙin hanawa. Tana nan a Unguwar Ƙasa, ba ta sake aure ba, idonta ya fara rauni. Na tambaye shi ko ta ambace ni, ya sunkuyar da kai, na gane. Na ce to me ta ce a kanka. Ya ce cewa ta yi, "Yaron bai yi mini komai ba, ya zo. Amma ku gaya masa na tsufa, ƙafata ba za ta sake iya hawan nan ba."

Ka fara sauka a gidanta kafin ka ga lambun. Kada ka kai mata gaisuwata, kada ka nema mini gafara, wannan tsakanina da ita ne da Allah, kuma na makara. Abin da nake roƙo a wurinka ɗaya ne, Adamu: kada ka sa ta hau.

Allah Ya kai ka lafiya, Ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin mutum da sharrin ƙwarewar hannunka. Allah Ya ba ku damina mai albarka, ku da na ƙasa da ku. Allah Ya jiƙan Bukar da Isa, Ya sa in tawa ta zo a samu masu wanke ni. Amin.

Ni ne mahaifinka,
Garba.